Rana Ta Yi Wa Yaya Yawa

Litinin, da yamma

Yau ni na raka Yaya asibiti. Anti, matarsa, ba ta samu izini a wurin aiki ba, kuma likitan fata baƙo ne, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. A hanya Yaya ya ce, "Ke ce malamar Turanci a gidanmu. Yau za mu gani ko da gaske ne, ko yaran mutane kawai kike ruɗawa."

Gyambon nan ne na bayan kunnensa na hagu. Tun bara yake nan. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake buɗewa. Yaya yana cewa bakin kwanon rufi ne ya yanke shi. Likitan ya daɗe yana haskawa da wata 'yar fitila. Ya latsa wuyansa, ya duba ƙeyarsa da bayan hannuwansa, sannan ya tambayi sana'arsa. Na ce rufin gidaje yake yi. Ya ce tun yaushe? Na ce tun bai fara gemu ba, lokacin da ya bar makaranta saboda ba ya ganin allo, marigayi Baba ya ɗauke shi aiki. Likitan ya ajiye biro ya dube ni, kamar bai ji daidai ba. Zabiya, a kan kwano, da tsakar rana, shekara da shekaru.

Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa: overexposure.

Yaya ya zungure ni. "Oba me? Ni dai obataim na sani, shi kuwa na sha shi."

Na ce masa rana ce ta yi masa yawa. Ya yi dariya, ya ce wannan ai ko Aku ta sani. Aku 'yarsa ce, shekararta huɗu, bakinta ba ya hutawa.

Akwai wata kalma da likitan ya faɗa sau ɗaya, a hankali. Ya ce sai an yanki ɗan nama an gwada kafin a tabbatar. Wannan ban fassara ta ba.

Talata, lokacin tara a makaranta

Na ɗauko babban ƙamus na ɗakin malamai, wanda bayansa ya cire. Na san kalmar, na sha koyar da ita, amma na buɗe kamar zan tarar ta sake ma'ana.

Ana faɗinta idan haske ya yi wa hoto yawa har fuska ta wanke. Ana faɗinta idan mutum ya daɗe cikin rana ko wani abu mai cutarwa har jikinsa ya gaza ɗauka. Ana kuma faɗinta idan an yi ta nuna mutum a talabijin da jarida har jama'a suka gaji da shi.

Na nemi kalma ɗaya ta Hausa da za ta ɗauke su duka, ban samu ba. "Shan rana fiye da kima." Idan na faɗa haka, kamar shanyar da aka manta a igiya.

Malamin lissafi ya leƙo ya ce, "Malama, yau kuma ƙamus ne abincin?" Na yi masa murmushi na rufe.

Talata, da yamma

Mama tana ninke kaya a falo, ta ce, "Auta, ba ki gaya min abin da likitan ya ce ba."

Na ce rana ce.

"Rana? Wannan da kowa ke sha?"

Na ce ita, amma ta san fatar Yaya ba irin ta kowa ba ce.

Ta sauke ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi. Ni da na ɗauka wani abu ne. Ai sai ya riƙa sa hula. Tun yana yaro nake fama da shi, in saya yau, gobe ya bar ta a gidan mutane." Ta ci gaba da ninke kayanta har tana 'yar waƙa.

Alhamis, da rana

An yanki naman. Sun ce za su kira.

Asabar, da safe

Mama ta je kasuwa da kanta, da ciwon gwiwarta, ta sayo masa malafa mai faɗi kamar faranti. Ya sa ya yi ta yawo a tsakar gida yana tafiyar manya, Aku tana bin sa tana ihu. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Gidan nan ɗaya ne, ɗakina yana kallon nasu. Duk motsinsa a idona.

Litinin, da asuba

Ya tafi aiki. Na ji ƙarar jakar ƙusoshinsa a ƙofa, na fito na tare shi.

"Yaya, likita ya ce kada ka hau."

"Gidan mutane a buɗe yake, Malama, ga hadari kullum. In ce musu me, kunnena na ciwo?"

Na miƙa masa man kariya daga rana da aka rubuta mana. Ya karɓa ya jefa a jaka tare da guduma. Na san ba zai shafa ba, ya ce yana sa hannu santsi.

Rana ta fito tas yau. Ban taɓa tsanarta ba sai yanzu. Ina cikin aji ina kallon haskenta a kan siminti, na manta jimlar da na fara rubutawa a allo.

Laraba, da rana

Ba su kira ba.

Juma'a, da yamma

Sun kira.

Mu uku muka je. Anti ta zauna a kujerar da ke jikin ƙofa, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Likitan ya yi maganar ba kwana-kwana. Ya ce abin da yake zargi ne. Ya ce za a yi tiyata, kuma akwai ƙullutu a wuyan da bai kwanta masa ba.

Na buɗe baki zan ce rana, sai Yaya ya riƙe hannuna.

"Auta." Ba ya kirana haka sai magana ta yi nauyi. "Ki faɗa min da Hausa. Hausar gida, ba ta makaranta ba."

Na faɗa masa.

Ya cire tabaraunsa ya goge da gefen riga, ya mayar. Idanunsa suna ta rawar nan tasu irin ta zabiya da ba ta tsayawa. Anti ta tashi ta fita, muka jiyo ta a baranda.

A mota, da muka kusa gida, Yaya ya juyo gare mu. Ya ce, "Kada Mama ta ji. Kun san jininta. Rana ce, a bar shi a rana."

Muka ce to.

Asabar, da rana

Na wanke banɗaki. Na wanke kicin. Na sake wanke banɗaki.

Lahadi, da yamma

Na tarar da Anti a ɗakinta ta baje hotuna a kan gado. Wai tana neman wanda ya fito sosai. Ban tambaye ta na mene ne ba.

Babu. A hoton aurensu ita ta fito kamar a taɓa ta, har zanen mayafinta ana gani. Shi kuwa riga ce da tabarau, tsakaninsu fari fat, ba hanci ba baki. Na tuna mai hoton yana ta mita wai idan ya daidaita wa amarya sai ango ya ɓace, idan ya daidaita wa ango sai amarya ta koma inuwa. Yaya ya ce masa, "Bar ni in ɓace, ita aka zo gani."

Anti ta ce, "Shekara bakwai, ba ni da hotonsa na kirki ko ɗaya."

Na so in gaya mata wannan ma sunansa ke nan da Turanci, kalma ɗaya da wadda likita ya faɗa. Na fasa. Me za ta yi da shi?

Talata, da safe

Ya daina zuwa aiki. Ba don maganata ba, jiri ne ya ɗebe shi a kan tsani, abokan aikinsa suka sauko da shi. Su ne ke kiransa Bature. Sun kawo shi har ƙofa suna tsokanarsa wai Bature ya yi ritaya. Da suka juya za su tafi, na ga babbansu ya share ido da hular aikinsa.

Mama ta ce, "Ka gani? Da ka sa malafar."

Alhamis, da rana

Wata ɗaliba ta biyo ni bayan darasi, tana ta murza hannu. Ta ce, "Malama, wannan ba yayanki ba ne?" Ta nuna min wayar da bai kamata ta shigo da ita makaranta ba.

Shi ne. Yana barci a kan kujerar falonmu, kansa a karkace, an ɗaga bandejin. Komai a fili. Wannan karon kam hoton ya fito. A ƙasa an rubuta sunan ciwon, ana neman addu'a.

Ban ƙwace wayar ba. Na tsaya ina karanta abin da mutanen da ba su san shi ba suke rubutawa. Da yawa addu'a ce, Allah ya saka musu. Wani ya ce yana da magani, a tuntuɓe shi. Wata ta ce ita ba ta iya cin abinci ba bayan ta gani. Wani ya ce ai su zabiya dama ba sa daɗewa. Wani ya sa fuskar dariya.

Alhamis, da yamma

Anti ce ta ɗauki hoton. Ta ce cikin rukunin hirar waya na matan wurin aikinsu kaɗai ta sa, su goma sha wani abu, don su taya ta addu'a. Ba ta san wadda ta fitar ba.

Na yi mata maganar da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce ta tallata shi kamar kayan gwanjo. Ta ce, "Ke kina da Turancin da kike ɓuya a ciki. Ni da wa zan yi magana? Da bango? Ina kwana da mutum ina jin numfashinsa, da safe in fito in yi wa Mama dariya?"

Muka tsaya a kicin muna raɗa kamar ɓarayi, ruwa yana tafasa ba mai sauke shi.

Yaya ya gani. Ya kai wayar daf da idonsa yadda yake karatu, ya daɗe. Sai ya ce, "Ashe haka yake. Ni ban taɓa ganinsa ba, a baya yake." Ya ajiye ya shiga ɗaki. Ko abinci bai fito ci ba.

Juma'a, da rana

A layinmu kowa ya san ni yau. Mai shago ya ƙi haɗa ido da ni. Matar da ba ta taɓa amsa gaisuwata ba ta riƙe hannuna a bakin titi ta ƙi saki.

Na cire batirin rediyon Mama, kamar a rediyo za a faɗa. Ban san abin da nake yi ba.

Asabar, da hantsi

Maƙwabciyarmu ta gidan kusurwa ta shigo da sallama, waya a hannu. Ina shanya, kafin in ajiye bokiti ta riga ta zauna kusa da Mama.

"Sannu, Mama, sannu da wannan jarrabawa. Ciwon daji ba ƙaramin abu ba ne, amma Allah na nan. Ƙanin mijina ma haka ya yi, wata shida..."

Mama ta ce, "Ciwon wa?"

Matar ta dube ni. Ta gane. Amma hannunta ya riga ya miƙa wayar.

Mama ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Ta kalli hoton, ta mayar mata, ta yi mata godiya, har ta raka ta ƙofa. Da ta dawo ta tsaya a gabana, ga jiƙaƙƙen zani a hannuna yana ɗiga a ƙafata.

"Rana ce, ko?"

"Mama, Yaya ne ya ce..."

"Na tura ki makaranta don ki zama kunnena. Na je kasuwa ina ciniki a kan hula, ina gaya wa mai hula ɗana ya kusa warkewa. Kina kallona."

Ta shiga wurinsa ta rufe ƙofa. Sun daɗe. Ban ji komai ba.

Lahadi, da safe

Ba ta amsa gaisuwata ba.

Litinin, da yamma

Ba ta amsa ba. Abincin da na dafa ta ture, ta ci na Anti.

Ba ƙarya na yi mata ba, abin da ke cin raina ke nan. Rana ce. Likita ma haka ya ce. Na ɗauki gaskiya na ba ta rabin da ba ya ciwo.

Laraba, da yamma

An yi tiyatar. Mun wuni a kan bencin baranda, Mama a wancan ƙarshen, ni a wannan, Anti a tsakiya tana kai saƙo. "Mama ta ce ko kin sha ruwa." "Ki ce mata na sha."

Sun cire kunnen duka. Sun buɗe wuyan ma.

Da aka turo shi, kansa a naɗe, fuskarsa da bandejin da matashin duk launi ɗaya. Mama ta sa hannu ta lalubo goshinsa.

Asabar, da rana

Ya farfaɗo sosai, har ya fara halinsa. Ya ce wa nas, "Da can maganar matata ta nan take shiga ta fita ta can. Yanzu an toshe mafita, na shiga uku." Nas ta yi dariya har ta dafa gado. Anti ta ce Allah ya shirye shi, tana dariya hawaye na zuba.

Tabarau ya rasa inda zai rataya. Na ɗaure masa da robar gashina ta bayan kai.

An kawo Aku. Ta tsaya a ƙofa ta ƙi shiga. Yarinyar da ba ta rufe baki, ko kalma. Ya miƙa mata hannu, ya ce, "Zo mana, Abbanki ne." Ta ɓuya a bayan ƙafata. Ya mayar da hannun a hankali ya juya wajen bango.

Talata, da safe

An sallame shi. Sun ɗauki hoton ƙirji da na ciki kafin mu fito.

Alhamis, lokacin tara

Mun zo darasin ɗafa-goshi a Turanci, ƙananan kalmomin da ake liƙawa a gaban wata kalma. Littafin ya kawo misalan abin da ya wuce kima: cin da ya wuce kima, barcin da ya wuce kima. Kalmar tana cikin jerin. Na tsallake ta. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce na tsallake ɗaya. Na ce su yi ta a gida.

Lahadi, da yamma

Tari yake yi. Anti ta ce mura ce. Na ce e, mura ce.

Talata, da yamma

Yau ce ranar jin sakamakon hoton. Da safe na fito na tarar da Mama ta shirya, ta sa takalmin fita. Karo na farko da ta dube ni tun ranar nan.

"Da ni za a je. Kuma duk abin da ya faɗa, ki faɗa min kamar yadda ya faɗa. Kada ki tace min."

Likitan ya juyo mana da allon kwamfuta. Na ga ɗige-ɗigen fari a inda ya kamata ya zama baƙi. Ya fara magana, yana tsayawa bayan kowace jimla yana jirana.

Ya kai huhu. Na faɗa.

Duka biyun. Na faɗa.

Wata tiyatar ba za ta yi amfani ba. Za a ba shi maganin da zai iya rage gudun abin, da na rage zafi. Na faɗa. Muryata kamar ta wata, kamar ina karanta sanarwa a taron makaranta.

Yaya yana kallon ƙasa. Anti ta cusa mayafi a baki.

Mama ta ce, "Tambaye shi, da an kawo shi bara fa?"

Na tambaya. Likitan ya amsa. Na dubi Mama, ta kafe ni da ido.

Na ce, "Ya ce da wataƙila an ci ƙarfinsa."

Ta gyaɗa kai. "To. Tambaye shi ko akwai abin da ba zai ci ba."

Ya ce ya ci duk abin da ransa ke so.

A bakin matakala gwiwarta ta ƙi. Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, na riƙe ta muka sauka. Ba ta saki ba har mota.

Laraba, da rana

Ban je makaranta ba.

Juma'a, da yamma

Aku ta shiga wurinsa yau da kanta. Na jiyo ta tana tambayarsa ina aka kai kunnen, ko zai sake tsirowa kamar haƙori. Ya ce mata sai ta daina surutu zai fito. Ta ce to ba zai fito ba ke nan.

Ya ce ɗaki ya ishe shi. Mutumin da ya saba ganin gari daga sama, yanzu labule biyu ne a tagarsa.

Asabar, da yamma

Abokan aikinsa sun zo da sassafe da katako da kwano a bayan mota. Babbansu ya ce wa Mama sun zo yi wa Bature rumfa a tsakar gida, ya samu wurin shan iska. Ba su tambayi kowa ba, suka kafa tsani.

Muka fito masa da kujera bakin ƙofar ɗaki, inda inuwa take. Bai yi minti biyar ba ya fara. Ba ya hango su sosai, amma yana jin guduma.

"Kai, wannan ƙusar ta karkace! Cire ta. Wa ya koya maka aiki?"

"Kai ne, Bature!"

"To ban gama koya maka ba."

Ya sa sun sauke layi guda sun sake, wai gangaren bai isa ba, ruwa zai kwanta. Suna ta gunaguni suna dariya. Tari ya sarƙe shi, suka tsaya cak da guduma a sama, har ya lafa. Ya ɗaga musu hannu su ci gaba.

Da suka gama, ya ce a kama shi. Ni da Anti muka riƙe shi ya shiga ƙarƙashi. Ya fi yadda nake zato rashin nauyi. Ya shafa ginshiƙin, ya girgiza shi, ya ɗaga kai yana kallon kwanon da bai buga masa ƙusa ko ɗaya ba.

"Ya yi," in ji shi. "Wannan rumfar za ta yi shekara ashirin ba ta yi yoyo ba."

Babbansu ya sunkuya yana tsintar ƙusoshi a ƙasa. Mama ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta bar shi yana zuba.